Yadda Ake Tantance Tsoffin Kayan Azurfar Ingila da Gidan Sarautar da Suka Fito

A wajen gwanjo a Landan za ka ga faranti biyu na azurfa, maƙeri ɗaya ya ƙera su, a shekara ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma kuɗin da za a taya ɗaya ya zarce na ɗayan nesa ba kusa ba. Dalili shi ne an san gidan da na farkon ya fito, an san wanda ya ba da aikinsa da teburin da ya zauna a kai. Wannan asali shi ne abin da ya fi tsada a sana'ar, shi ne kuma abin da ya fi sauƙin ƙirƙira, tunda baki ne ke faɗarsa. Saboda haka duk wanda zai sayi irin waɗannan kaya, ko zai yi dillancinsu, ko yana aikin gidan tarihi, yana bukatar shaidu uku: hatimin hukuma da aka buga a jikin ƙarfen, tambarin gida da aka zana a kansa, da kuma takarda. In bakinsu ya zo ɗaya, labarin ya tabbata. In ɗaya ya saɓa, sai a tsaya a bincika.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo mai ninki goma, sikeli mai auna giram, farin ƙyalle mai laushi, da hasken rana. Sai littafin hatimai na aljihu, irin na Bradbury ko na Jackson.

Fara da ƙarfen kansa

Kafin a yi zancen wani mai sarauta, a tabbatar abin azurfa ne. Azurfar Ingila ta ƙa'ida, wadda ake kira sitalin, kashi 925 cikin 1000 ne azurfa, ragowar yawanci jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Juya kayan ka nemi hoton zaki yana tafiya, ƙafarsa ɗaya ta gaba a ɗage. Tun 1544 ake buga wannan zaki a matsayin shaidar sitalin.

In ka ga haruffan EPNS ko EP ko A1, to ruwan azurfa ne aka yi wa wani ƙarfe da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840. Masu yin irin wannan sukan jera haruffan cikin ƙananan garkuwoyi, da rubutu mai ƙawa, har su yi kama da hatimin hukuma, shi ya sa mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai kuma wani tsohon nau'i da Thomas Boulsover ya gano a Sheffield wajen 1743, inda ake narka fallen azurfa a kan jan ƙarfe a murje su tare. Ana gane shi ta jan da ke leƙowa a gefuna da wuraren da hannu ya cinye. Yana da masu sonsa da nasa farashi, amma ba azurfa zalla ba ce.

Karanta hatimai, kuma da tsari

Nan ne Ingila ta yi wa sauran ƙasashe zarra. Tun dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1300 aka wajabta gwada azurfa a buga mata kan damisa. A 1363 aka ce kowane maƙeri ya riƙa buga alamarsa. A 1478 aka soma buga harafin shekara a zauren ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan. Ke nan cokali ɗaya zai iya faɗa maka garin da aka gwada shi, shekarar, da wanda ya kai shi gwaji.

Kada ka fara da harafin shekara, don nan ne sababbin shiga ke ɓata. Fara da alamar gari. Kan damisa Landan ne. Anka ta jirgin ruwa Birmingham ce, kambi kuma Sheffield kafin 1975, dukansu an buɗe ofisoshinsu na gwajin azurfa a 1773. Damman alkama uku da takobi Chester ce, wadda aka rufe a 1962. Exeter da Newcastle sun yi amfani da hoton ganuwa, an rufe su a 1883 da 1884. Dole ka san garin tukuna domin kafin 1975 kowane ofishi da nasa jerin haruffa. Harafin "k" na Landan da "k" na Sheffield ba shekara ɗaya ba ne.

Daga nan sai ka taƙaita zamanin da sauran alamu. Damisar Landan tana sanye da kambi har zuwa 1821, daga nan aka cire shi. Kan sarki ko sarauniya alama ce ta an biya haraji, kuma an buga ta ne daga 1784 zuwa 1890 kawai. To in ka ga damisar Landan mai kambi tare da kan sarki, ba sai ka buɗe littafi ba, kayan na tsakanin 1784 da 1821 ne. In kuma babu zaki mai tafiya, sai hoton mace a zaune riƙe da mashi da garkuwa, kusa da ita kan zaki shi kaɗai, to azurfar Biritaniya ce mai kashi 958. An tilasta ta daga 1697 zuwa 1720 don a hana maƙera narka kuɗin ƙasa su yi kwanuka. Bayan 1720 ma wasu sun ci gaba da ita bisa zaɓi, don haka ita kaɗai ba ta yanke hukunci.

Yanzu ne za ka duba harafin. Kafin 1975, a Landan zagayen haruffa 20 ne, kuma a tsakiyar shekara ake sauya harafi, shi ya sa kake ganin ana rubuta 1742/43. Dubi salon rubutun, babban baƙi ne ko ƙarami, sannan ka dubi siffar garkuwar da ke kewaye da shi. Sau da yawa siffar garkuwar ce kaɗai ke raba zagaye biyu da ke da tazarar shekara 40 ko 60.

Alamar maƙeri takan zama haruffan farko na sunansa. Daga 1697 zuwa 1720 kuwa haruffa biyu na farkon sunan mahaifi ake bugawa, shi ya sa alamar farko ta Paul de Lamerie take LA. De Lamerie, wanda ya rayu daga 1688 zuwa 1751, ɗan zuriyar Furotestan ɗin Faransa ne da suka yi hijira bayan da Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini a 1685. Waɗannan baƙi su suka ɗaga aikin azurfa a Landan. Paul Storr shi ne gwanin farkon ƙarni na 19, Hester Bateman kuma mace ce da ta riƙe maƙerar mijinta bayan rasuwarsa, ta yi rajistar alamarta a 1761 ta yi aiki har 1790. A sani dai, alamar ta mai maƙera ce ko mai kanti, ba lallai ta wanda ya riƙe guduma ba.

Hatimin na gaskiya ne, amma na wannan kayan ne?

Daga 1720 zuwa 1758 an ɗora harajin sisi a kan kowace oza ta azurfa. Wasu maƙera sai su kai ƙaramin abu a gwada a buga masa hatimi, su yanko wurin, su liƙa shi a gindin babbar buta ko kasko. Daga baya masu yin jabu suka ɗauki wannan dabara, suna yanko hatimin tsohon cokali su dasa a sabon aiki. Hura numfashi a kewayen hatimin. In akwai layin walda, zai fito a cikin tururin. Ka kuma lura da yadda aka jera alamun: a doguwar jere kamar na ƙotar cokali alhali a gindin buta suke, abin tuhuma ne. Duk sashen da ke rabuwa, kamar murfi, ya kamata ya ɗauki zaki aƙalla.

Wani abin takaici shi ne ɓarnar zamanin Sarauniya Victoria. Mutanen lokacin ba sa son fili a jikin kaya, sai suka riƙa ɗaukar kofuna da cokula masu santsi na ƙarni na 18 suna cika su da furanni da 'ya'yan itace. Wasu kofunan ma an dasa musu baki an mai da su butoci. Hatimin na asali ne, amma darajar ta zube. In ana shakka mai ƙarfi, akwai kwamitin tantance tsoffin kayan azurfa a zauren maƙeran Landan, wanda ke aiki tun 1939.

Sai awo. A gindin manyan kaya za ka ga an karta lambobi da tsinin ƙarfe, misali 24=13. Wannan nauyin kayan ne ranar da ya bar maƙera: oza 24 da feniwet 13. Ozar azurfa giram 31.1 ce, feniwet 20 ke yin oza ɗaya, ke nan kusan giram 767. Ɗora shi a sikeli. In ya ragu kaɗan, gogar shekaru ce. In ya ragu sosai, an yanke wani abu ko an kankare. In ya ƙaru, an yi masa ƙari. A farantan cin abinci na manyan gidaje za ka tarar da lamba kusa da nauyin, kamar No 17, domin dozin-dozin ake ƙera su, kuma wannan lambar za ta yi maka rana in ka kai ga takardu.

Tambarin gida

Hatimi hukuma ce ta buga. Tambari kuwa kowa zai iya ba mai zane kuɗi ya zana masa a kowane lokaci. A nan ake bukatar natsuwa fiye da ko'ina.

Tambarin Turawan Ingila kamar tsagar gado yake a fuska: wanda ya iya karantawa zai faɗa maka zuriyar mutum ba tare da an gaya masa suna ba. Cikakken tambari yana da garkuwa a tsakiya, da tukku a sama, wato wata dabba ko hannu ko tsuntsu da ke zaune kan kwalkwali, da taken gida a rubuce a ƙasa. A Sikotilan bisa tukku ake rubuta taken. Tunda azurfa ba ta da launi, masu zane da layi suke nuna shi: layuka a tsaye ja ne, a kwance shuɗi, masu gicciye juna baƙi, a karkace kore, ɗigo-ɗigo ruwan zinariya, fili kuma fari.

Kambin da ke bisa garkuwar shi ke faɗin muƙamin sarauta, ga su daga babba zuwa ƙarami. Na diyuk ganye biyar ake gani. Na makwis ganye uku da ƙwallo biyu. Na erl ƙwallaye biyar a kan dogayen tsinaye, da ganye a tsakaninsu. Na baikaunt ƙwallaye ne a jere dab da dab, na baron huɗu manya. Ƙaramin jan tafin hannu a cikin garkuwa alamar baronet ce. Dabbobi biyu da ke tsaye suna riƙe da garkuwa a gefe da gefe, galibi haƙƙin manyan masu sarauta ne.

Abin da ya fi amfani shi ne aure. In an raba garkuwa biyu daga sama zuwa ƙasa, ɓangaren da ke hagunka na miji ne, na damanka na gidan su matar. In an ɗora ƙaramar garkuwa a tsakiyar babba, matar magajiya ce, ba ta da ɗan'uwa namiji da zai ɗauki tambarin uba. In kuwa babu garkuwa, sai siffa mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininta, kayan na budurwa ne ko wadda mijinta ya rasu. Gano gidaje biyun nan yana kai ka ga aure guda, aure kuma yana da shekara. Sai ka ajiye shekarar kusa da ta hatimi. In hatimi ya ce 1765, auren kuma 1764 ko 1766, madalla, kayan ɗakin amarya da ango ne. In hatimi ya ce 1740 amma auren na 1795 ne, to daga baya aka zana. Wannan ba lallai zamba ba ce, don masu sarauta ma sukan sayi na hannu ko su sake zane a kan na gado, amma ba za a ce su suka ba da aikin ba.

Salon adon da ke kewaye da garkuwa ma shaida ne. A farkon ƙarni na 18 dama da hagu daidai suke, da nauyi. Daga wajen 1735 zuwa 1765 ado ya karkace, ya cika da kwansar teku da furanni. Daga 1770 ya koma siriri, da igiyoyin ado da garkuwa mai tsini. Zanen 1780 a kan farantin 1725 ya tona asirin kansa. Ka kuma danna babban yatsanka a hankali kan wurin tambarin. In ƙarfen ya yi laushi ko ya ɗan lotsa, an kankare tsohon tambari an sa sabo. Zanen da ya daɗe gefunansa sun mutu, ba ya kama farce.

A cokula, duba inda zanen yake. Har wajen 1760 a kife ake ajiye su a tebur, don haka a bayan ƙota ake zana tukku. Bayan nan sai aka koma gaba. Hatimi kuma a ƙasa yake kusa da bakin cokali har wajen 1781, sannan ya koma saman ƙota.

Ga gargaɗi biyu da na fi damuwa da su. Na farko, tukku shi kaɗai ba hujja ba ne. Gidaje masu yawa sun yi tarayya a zaki ɗaya ko kan barewa ɗaya, kuma 'yan kasuwar da suka yi kuɗi a ƙarni na 19 sun ɗauki tukkun duk wanda suke suna ɗaya da shi. Littafin tukkaye na Fairbairn zai jero maka sunayen, amma ba zai zaɓa maka ba. Littattafan Burke da Debrett ne ke ba da aure da shekaru, in abu ya cije kuma akwai Kwalejin Tambura ta Landan, wadda aka kafa a 1484, tana bincike a biya ta. Na biyu, tambarin sarki ba ya nufin kayan sun zauna a fada. A ƙarni na 18 jakadan Ingila da za a tura waje akan ba shi kayan azurfa kusan oza 7,000 daga taskar sarki, duk da tambarin sarauta a jiki, kuma da yawansu ba su mayar ba. Asalin irin waɗannan gidan jakadan ne.

Takarda

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na George Booth, Erl na biyu na Warrington, mai gidan Dunham Massey a Cheshire. An haife shi a 1675, ya gaji gida cike da bashi a 1694, ya rasu a 1758. Da ya farfaɗo da dukiyar gidan sai ya riƙa zuba kuɗi a azurfa, yana ba maƙera 'yan hijirar Faransa aiki, irin su Isaac Liger da Peter Archambo da David Willaume, har ya tara sama da oza 26,000. A 1750 ya zauna ya rubuta jerin kayan da hannunsa, kowane da nauyinsa, ya sake gyara shi a 1754. 'Yarsa tilo, Mary, ta auri Erl na huɗu na Stamford, kayan suka bi ta. Daga baya aka kwashe su zuwa Enville Hall, magada suka sayar da mai yawa a gidan gwanjo na Christie's a 1921 da 1931. Erl na goma na Stamford ya yi ta sayo abin da ya iya yana mayarwa gida, kuma da ya rasu a 1976 ya bar Dunham Massey ga National Trust, hukumar da ke kula da gidajen tarihi.

Dubi yadda shaidun ke haɗuwa a nan. Faranti ya fito kasuwa da kawunan aladen daji uku a garkuwa, wato tambarin gidan Booth, da kambin erl. Hatimi ya nuna Archambo a shekarun da Booth ke raye. Nauyin da aka karta ya dace da wanda ke cikin jerin 1750. Sannan ga shi a kundin gwanjon 1921 da lambarsa. Wannan shi ne asali cikakke.

Ba kowane kaya zai sami irin wannan gata ba, amma wuraren neman ɗaya ne. Wasiyyoyin manya har zuwa 1858 suna Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, ana iya nemansu ta intanet. Jerin kayan gidaje yana ofisoshin tarihi na gundumomi. Littattafan ciniki na George Wickes, wanda kantinsa ya zama Garrard, suna gidan tarihi na Victoria da Albert, tun daga 1735, da sunan mai saye da nauyin kaya. Bankin Hoare ma ya adana tsoffin asusun masu hulɗa da shi. Sai kundayen gwanjo, don ta nan mafi yawan kayan suka fita: gwanjon gidan Stowe na 1848 da aka yi kwana 40 ana yi bayan bashi ya karya Diyuk na Buckingham, da waɗanda suka biyo bayan dokar 1882 da ta halatta sayar da kayan gado da harajin gado na 1894, har zuwa na gidan Mentmore a 1977.

Karanta kalmomin mai sayarwa da kyau. "Tambarin na gidan wane ne" bayanin zane ne kawai. "An ce daga gidan wane ya fito" ji-ta-ji-ta ce. Abin da kake so shi ne jerin hannuwa da suna da shekara da lambar gwanjo. Kada ka yi cinikin biri a sama, ka biya kuɗin labarin da ba a nuna maka takardarsa ba.

Wajen saye da bayan saye

Musulmi ya fara sanin hukunci. Hadisi ingantacce ya hana ci da sha a ƙwaryar zinariya da azurfa, kuma malamai da dama, har da na Malikiyya, sun haɗa da mallakarta don ajiya. Akwai kuma zakka in nauyi ya kai nisabi. A tuntuɓi malami kafin a sa kuɗi.

In gwanjo ne, nemi rahoton lafiyar kaya a rubuce da hotunan hatimi da tambari na kusa. Ka tuna akwai la'adar gidan gwanjo a kan kuɗin da aka buga, sau da yawa takan kai rubu'i ko fiye. In dillali ne, kamar waɗanda ke rumbunan azurfa na titin Chancery Lane a Landan, ya rubuta maka a rasit maƙeri da shekara da nauyi da duk gyaran da aka yi da asalin da ya faɗa da baki. Kaya mai tsada a bincika shi a Art Loss Register, rajistar kayan da aka sace, saboda an sha fasa manyan gidajen karkara. Abin da ya haura shekara 50 kuma ya wuce wani adadin kuɗi yana bukatar lasisi kafin ya bar Birtaniya. Butocin shayi da na gahawa sukan zo da 'yan zobban hauren giwa a mariƙi don kada zafi ya kama hannu. A dokar Birtaniya da ta fara aiki a 2022, sai an yi musu rajista kafin a sayar, kuma fitar da su ƙetare yana da nasa takardun.

A gida, wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ka tsane nan take da ƙyalle mai laushi. Kada a kusance shi da soson ƙarfe ko toka ko yashi, kada kuma a kai shi injin goge ƙarfe, domin kowace guga tana cin hatimi da tambari, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. In za ka sa man goge azurfa, rufe hatimin da yatsa. Gishiri yana huda azurfa, ƙwai da roba suna baƙanta ta, don haka kada a ɗaure cokula da kyauron roba ko a naɗe su a jarida. Naɗe kowane ɗaya shi kaɗai a takarda marar asid, ka sa a busasshen wuri. Rasit da hotuna da kwafin shafin kundin gwanjo kuma ka ajiye su a wani wuri dabam, ba cikin akwatin kayan ba.